NAZARI: Abin da tsadar famfas, ƙarancin ruwa da man kemis ke yi wa fatar jarirai a Birnin Zariya

A watan Disamban 2023 kamfanin Procter & Gamble, mai yin Pampers, ya sanar cewa zai daina sarrafa kaya a Najeriya, ya koma shigo da su daga waje. Kafin ƙarshen watan Mayun 2024 sai Kimberly-Clark, mai yin Huggies, ya ce shi ma zai tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar, ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu wadda aka kashe wa kimanin dala miliyan 100, aka kuma buɗe ta a 2022. Labaran biyu sun sha sharhi a shafukan kasuwanci. An yi maganar ma'aikatan da za su rasa aiki, da masu zuba jari da ke gudu, da darajar naira. Da wuya ka ji wanda ya bi sawun labarin har inda ya sauka a ƙarshe, wato jikin jariri ɗan wata tara a Kwarbai ko Unguwar Juma, wanda ake ɗaura wa famfas ɗaya da magariba ba a kwance shi sai hantsi.

Sakamakon wannan doguwar ɗaura sananne ne a kowane gida mai goyo. Fatar ɗuwawu da matsematsi ta yi ja, ta yi sheƙi kamar an zuba mata ruwan zafi, wani lokaci ta saɓule, yaro ya riƙa tsandara ihu duk sa'ad da fitsari ya taɓa wurin. Iyaye mata kan ce famfas ya ci yaro, ko fitsari ya ci shi. Ciwo ne da ba a ɗauke shi a bakin komai ba, kuma a mafi yawan lokuta gaskiya ne ba ya kisa, yakan warke cikin 'yan kwanaki idan an bi shi yadda ya kamata. Abin da ya sa ya cancanci nazari shi ne duk abubuwan da ke warkar da shi sun yi tsada ko sun yi wuya a cikin birni, abin da ke ƙara lalata shi kuwa yana nan a araha a bakin kowane lungu. Da ya ta'azzara kuma, uwa ake ɗora wa laifi, a ce ƙazama ce.

Yadda ciwon ke samuwa

Fatar jariri ta fi ta babba laushi da rashin kauri, kuma lafiyayyar fata tana da wani ɗan tsami-tsami a samanta wanda ke kare ta daga ƙwayoyin cuta. Idan aka rufe ta da ƙunzugu na sa'o'i, danshi yakan jiƙa ta har ta yi taushi, kamar yadda yatsun mai wanki ke yi in sun daɗe a ruwa. Fatar da ta jiƙu haka ba ta jure guga, ga kuma ƙunzugun yana gugar ta duk motsin da yaro ya yi. Sai fitsari ya haɗu da kashi. Ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi su farfasa fitsarin ya zama amoniya, wato sinadarin da ke ba da zarnin nan mai hawa hanci. Amoniya ta kashe tsamin da ke kare fata, kuma da zarar tsamin ya tafi, sinadaran narkar da abinci da suka biyo kashi sai su farka su ci gaba da aikinsu a kan fatar yaron. Ke nan fitsari shi kaɗai bai cika yin ɓarna mai yawa ba. Haɗuwarsa da kashi, da kuma tsawon lokacin da suka ɗauka a manne da jiki, su ne tushen ciwon.

Likitocin yara sun lura cewa abin ya fi yawa tsakanin wata tara zuwa shekara ɗaya, lokacin da yaro ya fara shan koko da kunu da ɗanɗana tuwo, kashinsa ya sauya. Gudawa tana ninka haɗarin, domin kashin da ya fito da sauri yana ɗauke da sinadaran narkarwa masu yawa. Haka ma shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ke share ƙwayoyi masu amfani a hanji su bar fili ga wata ƙwaya 'yar gidan funfuna da ake kira kandida.

Bambanta waɗannan biyu yana da amfani, kuma ido ma yana iya yi. Jan da fitsari da kashi suka jawo yakan tsaya a wuraren da suka tudu, inda ƙunzugu ke taɓawa, ya bar cikin lanƙwasar cinya da lafiyarsa. Na kandida kuwa cikin lanƙwasar yake shiga, jansa ya fi tsanani, kuma ana ganin ƙananan ƙuraje warwatse a gefen babban jan. Sau da yawa akan tarar da farin abu kamar guntun nono a harshen yaron da cikin kumatunsa. Jan da ya wuce kwana uku bai sauka ba duk da kulawa, akwai yiwuwar kandida ta shiga.

Maganin nau'in farko ba ya buƙatar takardar likita. A kwance ƙunzugu da zarar ya jiƙe ko yaro ya yi kashi. A wanke wurin da ruwa mai ɗumi, da hannu ko tsumma mai laushi, ba tare da dirzawa ba, 'ya mace kuma a wanke ta daga gaba zuwa baya. A bar wurin ya sha iska ya bushe sarai. Sannan a shafa mai mai kauri wanda zai shiga tsakanin fata da danshi: basilin tsantsa marar turare, ko farin man nan mai sinadarin zinki. A shafa shi da yawa, kuma in an zo canji na gaba ba sai an kankare wanda ya rage ba. Man kaɗanya mai tsabta, wanda kakanni suka saba da shi, yana tausasa fata kuma ya fi a bar ta haka nan, ko da yake bai kai man zinki tsare danshi ba. Fiye da kowane mai, a bar yaro ba ƙunzugu na wasu sa'o'i a kan tabarma ko zani, kowace rana.

Lissafin famfas

Jariri sabon haihuwa yana buƙatar canji sau takwas zuwa goma a yini da dare, babba kaɗan kuma kamar sau shida. Mu ƙaddara ana sayar da famfas ɗaya naira 150 a shagon unguwa; mai karatu na iya sa farashin da ya tarar a tasu unguwar. Takwas a rana, kwana talatin, ya kama naira 36,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, na Jihar Kaduna kuma 72,000. Rabin albashi ke nan ya tafi a kan ƙunzugun yaro ɗaya, ba a yi maganar masara ko kuɗin makaranta ba. Mafi yawan magidantan birni ma ba su da albashi. Maɗinka ne, da masu aikin zare, da 'yan tireda, da 'yan acaɓa, da malaman allo, waɗanda abin da rana ta bayar shi ake ci.

Tsadar ba daga sama ta faɗo ba. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, a watan Yuni kuma Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara a kasuwa. Dalar da ake canzawa a kan naira 460 da 'yan kai a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. A Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin ɗari, kafin ta sauya ma'aunin lissafinta. Famfas kuwa, ko wanda ake haɗawa a cikin gida, irin Molfix da kamfanin Turkiyya Hayat Kimya ke yi a Agbara ta Jihar Ogun, cikinsa ya dogara da kayan da ake saye da dala: ɓargon itace da aka mayar kamar auduga, da garin sinadarin da ke shanye ruwa ya zama kamar kamu. Daga nan a ɗora shi a mota daga Legas zuwa Zariya da dizal. Dokar harajin VAT ta daɗe da cire kayan jarirai daga cikin abubuwan da ake cajin haraji a kansu, saboda haka ɗan siyasar da ya yi alƙawarin sauke farashin famfas ta hanyar yafe wannan haraji yana sayar wa mutane abin da yake nasu ne tun tuni.

Gidaje sun daidaita da yanayin ta hanyoyi biyu, kuma kowace tana da kuɗin da fatar yaro ke biya. Ta farko ita ce ja wa famfas rai: ɗaya na dare, ɗaya na unguwa ko zuwa asibiti, ba a cirewa sai ya yi nauyi ya fara yoyo. Wasu kan sa tsumma a ciki don a cire tsumman a bar famfas ɗin. Ta biyu ita ce komawa ga famfas ɗin da ake zubawa a farar leda ana sayarwa ɗaiɗai ko a ƙulle, ba suna, ba lambar rajista, ba ranar da aka yi shi. Ba lallai ne kowane irin wannan ya zama mugu ba, amma in ya cutar da yaro babu wanda za a kama, babu ma sunan da za a kai ƙara da shi.

Matsalar ba ta talakan Najeriya kaɗai ba ce. Wani bincike da masana na Jami'ar Yale suka wallafa a mujallar Pediatrics a 2013 ya gano cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na iyaye mata masu ƙaramin ƙarfi da aka tambaya a birnin New Haven na Amurka ba sa iya sayen ƙunzugun da ya ishi 'ya'yansu, kuma ya danganta wannan rashi da damuwar da ke addabar iyayen. A 2024 jihar Tennessee ta fara ba yara 'yan ƙasa da shekara biyu da ke cikin shirin lafiyar marasa galihu ƙunzugu 100 a wata kyauta. Ba ina cewa Kaduna na da kuɗin yin haka ba. Abin lura shi ne a can an yarda cewa ƙunzugu batu ne na lafiyar al'umma, ana ƙirga shi, ana muhawara a kansa a majalisa. A nan kuwa yana cikin abubuwan da namiji ke jin nauyin ambata a gaban mutane.

To a koma wa nafkin mana

Wannan ita ce amsar da dattawa ke bayarwa, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Kafin zuwan famfas, jaririn birni yakan yini ba komai a gindinsa in ban da zanin goyo. Uwa ta san lokacin da ɗanta ke shirin yin kashi, ta zaunar da shi a kan ƙafafunta, daga baya a koya masa fo tun bai iya tafiya ba. Fatar da ke shan iska haka ba ta cika yin wannan ciwo ba. Abin da likitocin yara ke ba da shawara a yau, na barin yaro tsirara na wani lokaci, kakanninmu sun yi shi ba tare da sun ba shi suna ba.

Sai dai nafkin na yadi ba ya shanye fitsari ya nisanta shi daga fata kamar yadda famfas mai kyau ke yi, don haka yana buƙatar canji fiye da famfas. In aka ɗora masa wandon roba a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke haura digiri 35, an haɗa wa yaro tukunyar turara fata. Kuma kowane nafkin sai an wanke shi, an ɗauraye shi sau biyu ko uku har omo ya fita tas, domin ragowar omo da bilic a jikin yadi su ma suna cin fata. A shanya shi a rana ya bushe ƙarau, abin da ke wuya a watan Agusta. Duk wannan ruwa ne, kuma a nan ne shawarar dattawa ke cin karo da famfon da ba ya kawowa.

Labarin ruwan Zariya ya girmi yawancin masu karanta wannan shafi. Gwamnatoci sun zo sun wuce a kan aikin da ya haɗa da dam ɗin Galma da matatar da aka tsara za ta tace lita miliyan 150 a rana, da rancen Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci, har Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ƙaddamar da wani kashi nasa a 2019. An yanke ƙyalle, an ɗauki hotuna. Duk da haka kurar 'yan ga-ruwa ba ta daina yawo a lungunan birni ba, kuma gidaje da yawa har yau rijiya da jarka suka dogara da su. Matar da ke sayen ruwa jarka-jarka tana raba shi tsakanin girki, sha, alwala, wanka da wanki. Ɗauraya ta uku ta nafkin ita ce ta farko da za a yafe. Wanda ya ce mata ƙazama bai taɓa zama ya raba jarka huɗu wa mutum tara ba.

Ruwan yana shigowa ta wata ƙofar kuma. A tsohon gari mai cunkoso, inda rijiya da masai kan yi maƙwabtaka a cikin gida ɗaya, gudawar yara ba baƙuwa ba ce, gudawa kuwa ita ce babbar mai hura wutar wannan ciwo. Yaron da ke zawo sau shida a rana, ko da famfas mafi tsada aka ɗaura masa, fatarsa za ta saɓule in ba a tsayar da zawon ba. Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi shi ne ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14, a kuma ci gaba da ba da nono. Nonon uwa zalla a wata shidan farko yana rage gudawa, kuma kashin yaron da ke shan nono zalla bai kai na mai shan madarar gwangwani cin fata ba. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. Jihar Kaduna na cikin jihohin da suka amince da hutun haihuwa na wata shida ga ma'aikatansu mata, abin a yaba ne, sai dai matar da ke ɗinkin hula ko soya awara a cikin gida ba ta da ofishin da zai ba ta hutu.

Abin da ake aikowa daga kemis

Nan ne ƙaramin ciwo ke iya zama babba. A cikin birni matan aure da yawa ba sa fita sai da dalili mai ƙarfi, kuma jan gindin jariri ba ya cikin dalilai masu ƙarfi. Sai a aiki yaro, ko ƙanin miji, ko maigida ya biya ta kemis in zai dawo daga masallaci. Mai kemis bai ga yaron ba. Abin da ya ji kawai shi ne ana son maganin ƙuraje na jariri. Sai ya miƙo abin da ya san yana aiki nan take, mai sayen ya dawo gobe yana godiya: man shafawa mai haɗin magani uku. Funbact-A da Skineal na cikin sanannun irinsa. Na farko yana ɗauke da betamethasone, na biyu clobetasol, dukansu daga dangin magungunan da ake kira sitiroyid, kuma clobetasol na cikin mafiya ƙarfi a dangin gaba ɗaya.

Gaskiya ne jan yakan kwanta cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma wannan saurin shi ne tarkon. Sitiroyid yana danne kumburi da ja, ba ya cire abin da ya jawo su. Da an daina shafawa ciwon ya dawo, sai a sake shafawa, har ya zama man yau da kullum. Fatar wurin ƙunzugu siririya ce, a jiƙe take, ga ta a rufe, kuma rufewa na ƙara yawan maganin da ke ratsa fata ya shiga jini. Jariri kuma yana da faɗin fata mai yawa in aka kwatanta da nauyinsa. Likitoci sun daɗe da rubuta abin da ke biyo baya in aka ɗauki makonni ana haka: fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa, wurin ya yi fari, kandida ta samu sarari ta bazu, a wasu yaran kuma maganin ya danne aikin wani ɗan ƙullutu da ke saman ƙoda wanda ke samar da sinadarin da jiki ke jure ciwo da shi. Fuskar yaro ta cika ta yi zagaye, girmansa ya tsaya. Mafi ban takaici, cikar fuskar da hasken fatar su ne wasu ke gani su ce yaro ya yi kyau, ya yi ɓulɓul. Akwai ma masu zuba irin wannan mai a cikin man shafawar jariri da gangan don ya yi fari. A Fabrairun 2023, a Kano, shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Idan ciwon na kandida ne, abin da ake buƙata man kashe funfuna ne shi kaɗai, kamar nystatin ko clotrimazole, ba haɗin gambiza ba. Idan kumburin ya yi tsanani, ma'aikacin lafiya na iya rubuta hydrocortisone mai kashi ɗaya cikin ɗari, mafi sauƙi a dangin, na 'yan kwanaki ƙalilan. Hukunci ne na wanda ya ga yaron da idonsa.

Zariya ta san abin da maganin jarirai marar tsaro ke iya yi. A ƙarshen 2008 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin asibitocin da suka karɓi yaran da ƙodarsu ta daina aiki bayan an ba su My Pikin, maganin fitar haƙori da kamfanin Barewa ya yi a Legas, wanda ya gurɓata da wani sinadari da ake amfani da shi a man birki. Yara aƙalla 84 suka mutu a faɗin ƙasa. Sai a 2013 kotun tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. Man sitiroyid ba guba ba ne irin wannan, magani ne na gaske mai amfani a inda ya dace. Abin da ya haɗa labaran biyu shi ne hanyar da suke bi su isa ga yaro: ɗan wata shida zuwa shekara, wata 'yar damuwa da ake ɗora wa haƙori, da kanta inda ake miƙo magani ba tambaya.

Doka ba ta yi shiru ba. Lasisin mai kemis na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai, kuma dokar 2022 ta ƙarfafa ikon Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa a kan waɗannan shaguna. An ga abin da hukumomi ke iya yi in sun so: a Fabrairun 2024 an rufe shagunan magani sama da dubu a Kano don tilasta wa 'yan kasuwar Sabon Gari komawa cibiyar Dangwauro, a farkon 2025 kuma NAFDAC ta kai samame kasuwannin magani na Onica, Aba da Idumota. Irin wannan samame yana cika shafukan jarida na mako guda. A ganina rufe kemis ɗin unguwa ba zai taimaki uwar da ke Limancin Kona ba, domin shi ne asibitin da ke buɗe da ƙarfe goman dare, shi ne kuma ke ba da bashi. Abin da zai taimake ta shi ne mai kemis ɗin ya san cewa bututun nan ba na jariri ba ne, ya kuma san akwai mai zuwa dubawa.

Hoda ma ta cancanci a ambace ta a taƙaice, tunda ba a haɗa kayan suna babu ita. Likitocin yara ba sa son a barbaɗa ta a wurin ƙunzugu: ƙurarta na shiga huhun jariri, in ta jiƙe kuma takan dunƙule ta ƙara guga. Johnson & Johnson ya daina sayar da hodarsa ta jarirai mai sinadarin talk a Amurka da Kanada a 2020, a sauran duniya kuma a 2023. Hoda mai yaji-yajin mantoleta da man zafi kuwa, a kan fatar da ta saɓule, azaba ce kawai.

Inda za a iya taɓawa

Birnin Zariya ba ya cikin wuraren da za a ce babu masana. Cibiyar Lafiyar Yara ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Banzazzau, asibitin Gambo Sawaba yana Ƙofar Gayan, asibitin koyarwa yana Shika. Gwamnatin jiha ta daɗe tana alfahari da shirin asibitin matakin farko guda a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255, kuma 13 daga cikinsu na Ƙaramar Hukumar Zariya ne. Kakakin Majalisar Wakilai, Abbas Tajuddeen, mazaɓar Zariya yake wakilta. Garin da ke da wannan duka bai kamata a ce ilimin da bai wuce bayanin minti biyar ba ya gagara isa ɗakin mai jego.

Damar ma a shirye take. Uwa takan kai ɗanta rigakafi a mako na 6, na 10 da na 14, sannan a wata tara don allurar ƙyanda, daidai lokacin da wannan ciwo ya fi kama yara. Ma'aikaciyar da ke auna nauyin yaro tana iya kwance ƙunzugun ta duba, ta tambayi man da ake shafa masa. Bayanin kuma kada ya tsaya a kan uwa, domin a kwana arba'in na jego kaka ce ko gwaggo ko ungozoma ke wanke jariri, kuma maganarsu ce ke tafiya. Haka nan mazan da ake aika kemis, waɗanda da yawansu sa'o'in masu karanta wannan rubutu ne, su ne ke zaɓar bututun da zai shiga gida.

Akwai kuma alamun da ke nuna cewa lamarin ya wuce kulawar gida: zazzaɓi, ƙuraje masu ruwa ko mugunya, gyambo, jan da ya bazu zuwa ciki ko baya, yaron da ya ƙi nono, ko jaririn da bai cika wata biyu ba. Jan da ya ƙi warkewa a yaron da ke ramewa, ko wanda ƙafafunsa suka kumbura, ko wanda irin wannan saɓa ta fito masa a gefen baki, yana iya zama alamar tamowa ko ƙarancin zinki a jiki. Wannan kuwa babu man shafawar da zai warkar da shi, kuma a shekarun da abinci ya yi tsadar da ya yi, ma'aikacin lafiya ba zai yi watsi da wannan zato ba.

Wanda ya duba ɗakin matarsa ko na yayarsa ya tarar da bututu mai ɗauke da betamethasone ko clobetasol a cikin kayan jariri, ya tambayi tun yaushe ake shafawa. In kwana biyu ne ko uku, a ajiye shi a koma ruwa, iska da basilin. In an yi makonni ana shafawa kullum, musamman idan fuskar yaron ta cika, kada a yanke shi rana ɗaya ba tare da shawarar likita ba, domin jikin da ya saba da maganin yana buƙatar a janye shi sannu a hankali. A ɗauki yaron a kai shi Banzazzau ko Ƙofar Gayan, a tafi da bututun a hannu don likita ya karanta abin da ke jikinsa.